Tirelar da Ta Tsaya a Ƙofata

Ɗakina na bakin hanya a Djamboutou, shi masu aikin hanya suka zo suka shafa wa jan fenti, alamar rushewa. Mai awonsu, wani dogo da hular roba, Guy sunansa, ya gaya mini da gurguwar Fillanci wai sabuwar hanya za ta bi ta tsakiyar gadona. Na ce ba komai, ni dama ta jikin bango nake kwanciya. Bai yi dariya ba. Ya ce ranar Litinin katafila za ta zo ta rushe.

Ta kuwa zo. Ba da ƙafarta ba, goyo ta aka yi a bayan wata doguwar tirela. Saura kamar taku ɗari biyu a kai filin da za a sauke ta, daidai ƙofata, sai tirelar ta ja wani dogon tsaki ta tsaya cak.

Direban, Didier, ya sauko ya zagaya ta yana harbin tayoyi. Da na ba shi ruwa ya sha, ya yi mini bayani. Wai birkin na iska ne. In iska ta cika tanki, ya saki taya. In ta zurare, ya damƙe, ko giwa ba ta jan motar. Wato sai ya lalace yake aiki da gaske. Na ce na sani, na auri irinsa.

Maƙwabta suka ce a sauke katafilar nan mana, ta ƙarasa da kanta. Didier ya fito da takarda. Takarda ta ce a fili za a sauke, ba a ƙofar tsohuwa ba, shi kuma ba zai sa hannu a kan ƙarya ba. Ranar na ƙara masa nama a miya.

Aka kira Mahfuzu bakanike, ɗan ƙawata Hafsatu. Ni na yi masa wankan farko a duniya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Dada a taimaka da ruwan sabulu bokiti guda. Haka suke neman inda iska ke fita, su shafa wa tiyo, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar.

To ni tun ranar farko na ji wurin. A ƙasa nake zama ina ɓare gyaɗa, kunnena daidai cikin motar. Bayan taya ta uku, ƙarƙashin tanki, akwai wani siririn tiyo da ke huci kamar mage ta ga kare. Su ba sa ji. In inji na tashe ƙara ta hana su, in an kashe sai su hau gardama, kafin su yi shiru iskar ta gama tafiyarta.

Na shiga ciki na ɗebo ruwan tsari, wanda na wanke gero da shi, fari tas. Na goga sabulu a bakin bokitin don ƙamshi. Mahfuzu ya motsa da hannu, ya ce ai ba ya kumfa. Na ce sabon sabulu ne daga Kousséri, ba ya ɓata kumfarsa a banza, sai ya haɗu da iska. Ya gyaɗa kai, ya ce duniya ta ci gaba.

Ya shafe motar kaf da ruwan gero, tun daga kai har wutsiya. Ko ɗigon kumfa. Ya ce tunda tiyo lafiya, ciwon na ciki ne. Ya canza bawul ɗin iska. Ya canza tukwanen birkin nan da ke jikin kowace taya. Kamfani ya ce tunda an fara, a sabunta komai, aka aiko da kaya a kwali daga Douala, har da wani gwangwani mai shanye ruwan da ke cikin iska. Ni ban ma san iska na da ruwa ba. Manyan tiyo biyu, ja da rawaya, su ma ya canza su don kyau. Siririn nan dai bai taɓa shi ba, ai ruwa ya ba da shaida a kansa.

Sau ɗaya na tsorata. Mahfuzu ya ce zai iya murɗe ƙusoshi ya saki birkin da ƙarfi, a lallaɓa a tafi haka. Didier ya nuna masa gangaren da ke gaba, ya nuna katafila, ya ce shi yana da 'ya'ya huɗu. Aka bar maganar.

Mako shida ana haka. Kaji suka saba kwana a ƙarƙashinta saboda ƙamshin gero. Masu aiki suka gaji da jira, suka kawo wata katafilar ta ɗaya ƙarshen, tana ci tana matsowa har ta iso mu. Guy ya dawo da igiyar awonsa. Tirela ta tare hanya, kuma ta kamfani ce, ba a shafa mata fenti. Ya zauna a inuwarta ya sake zane. Hanya ta lanƙwasa ta bi ta bolar tsallake, ta bar tirela, ta bar ɗakina a bayanta. Aka zuba simintin kwalbati.

Mahfuzu kuwa duk ya rame. A garaji an fara yi masa dariya. Rannan ya ajiye bokiti yana tagumi, sai akuyata ta zo ta tsoma kai, ta shanye tas, har tana lasar gindin. Ya dubi akuya. Ya dube ni.

"Dada, akuyarki sabulu take sha?"

"Mai tsabta ce."

Ya dangwala yatsa a ragowar ya lasa. Ya ture bokitin gefe. Can ya tambaya a hankali, ina ne wurin ɓarakar. Na ce siminti ya bushe? Ya tashi ya je ya danna da dugadugi, ya dawo ya ce sai nan da kwana biyu. Sai ya ɗauki tsumma ya shiga ƙarƙashin mota, kwana biyu yana goge sababbin kaya, duk wanda ya tambaya ya ce gwaji yake yi.

Rana ta uku na nuna masa siririn tiyon da sandata. Kafin shayin Didier ya huce an gama. Tanki ya cika, birki ya saki, tirela ta tafi.

Guy ya zo ya tsaya yana kallon yadda hanya ta kauce wa wurin da yanzu babu komai. Na ce ko za a miƙe ta ne? Ya ce ina, an riga an buga wa zanen hatimi, kuma a zanen tirelar tana nan har yanzu. Ni dai a wurin nake shanya kuɓewa, ba ta taɓa hana ni ba.