Daga Kuka Mai Rami Zuwa Tsamiya Biyu

Malam Badamasi yana zaune a zaurensa da hantsi yana ɓare gyaɗa, sai ga Jaji ya yi sallama, ya jingine sanda, ya durƙusa. Jaji shi ne babba a rugar Fulanin da ke bayan Kanyar Maje, mutum ne mai noman shinkafarsa da shanunsa wajen sittin. Gaisuwa ta yi tsawo har Malam ya gane ba ita ta kawo shi ba.

"Baba Malam, an toshe mana burtali."

Wani Alhaji Mustapha ne, mai injin casar shinkafa a Kura, ya sayi gonakin bakin kanal ɗin ban ruwa, ya haɗa har da 'yar hanyar da shanu ke bi su sha ruwa, ya dasa tumatir har bakin siminti. Takardarsa garau, taswirarsa kuma ba ta san da wani burtali ba. Kwana tara ke nan ana jido wa shanu ruwa a jarka bisa babur, saniya biyu sun kwanta. Dagaci ya ce a kawo hujja. In babu, to shi ba abin da zai iya, kuma kowa ya san rugar da ba ta da hanyar ruwa tashi za ta yi.

"Inno ce ta turo ni," in ji Jaji, yana nufin tsohuwarsa. "Ta ce an taɓa yin shari'ar nan da babanmu Sallau, kuma kai ka rubuta."

Yaran yanzu in ka gaya musu dariya za su yi, amma Kanyar Maje gunduma ce a da. Da hakiminta, da kotun alƙalinta, da ɗakin wakafi, ƙauyuka arba'in da ɗaya duk nan suke kawo ƙara. Badamasi yana ɗan shekara sha tara ya shiga kotun a matsayin magatakardan Alƙali Fatihu, ya yi shekara biyar yana jiƙa alƙalami a tawada. Sai gwamnati ta karɓe kotuna daga hannun En'e, aka ɗauke tasu, daga baya aka yanka gundumar gida uku aka raba wa maƙwabta. Soron kotun ya zama aji, ya zama ɗakin ajiye taki, yanzu albasa ake zubawa a ciki, kuma ƙarshen darajarsa ke nan. Ranar da aka zo kwashe takardu mota ta cika, aka watsar da saura a ƙasa. Masu ƙosai suka yi wata guda suna ƙunshe wa mutane kalaci da gadon marayu da sakin aure. Badamasi ya tsinci kundi uku, ya kulle a adaka da ganyen darbejiya saboda gara. Shekara hamsin da ɗoriya ba wanda ya taɓa tambayar su.

Don haka da Jaji ya tambaya, nan take tsohon ya jawo adakar ya buɗe. Ya yi ta juya shafi yana lasar yatsa, can a kundi na biyu ya ci karo da rubutunsa na ajami, na lokacin da hannu bai san rawa ba. Ga sunan Sallau, ga shaidu huɗu, ga hatimin alƙali. Daɗi ya kama shi, irin wanda ya manta da ɗanɗanonsa.

"Tashi ka gaya wa Inno ta kwantar da hankalinta," ya ce. "Kotu ta riga ta yi magana."

Washegari ya sa farar rigarsa ta sallah, ya naɗa rawani, Jaji ya ɗauke shi a babur zuwa gonar. Mutane sun taru a kan kunya. Dagaci yana nan, Alhaji Mustapha ma ya zo, kuma a gaskiya mutumin ba azzalumi ba ne, shi dai ya sayi abin da aka sayar masa.

"Ranka ya daɗe, ni ban ƙi ba," ya ce wa dagaci. "Kowa ya san Malam ba ya ƙarya. Inda ya nuna, in a cikin gonata ne, da hannuna zan tuge tumatirin."

Dagaci ya ce shi ke nan, inda Malam ya sa ƙafa nan za a kafa turke. Malam Badamasi ya gyara tabarau, ya ɗaga murya yadda yake yi a gaban alƙali:

"Burtali ya tashi daga kuka mai rami, ya bi tsakanin tsamiya biyu, ya bar ɗinya a hannun dama, ya faɗa rafi a mashayar Sallau. Faɗinsa taku arba'in."

Ya rufe kundi, ya ɗaga kai don ya nuna kukar.

Ba kuka. Ba tsamiya, ba ɗinya, ba rafi. Tumatir ne da albasa shimfiɗe har ƙarshen gani, an yanka su falle-falle da ƙananan magudanai, sai masu feshi can nesa da ƙarar injin ban ruwa. Abin takaicin shi ne ya sani. Da idonsa ya ga katafila shekarar da aka zo aikin ruwa, tana tumɓuke itatuwa tana baje tudu a kwari, har rafin ma aka miƙar da shi ya zama lambatu. Amma ya daɗe bai taka bayan gari ba, kuma a cikin kansa itatuwan suna nan tsaye inda ya bar su. Haka kotunsu take kafa iyaka, da itace, don a ganin mutanen lokacin mutum ne ke mutuwa, kuka tana nan. Ko a mafarki Alƙali Fatihu bai taɓa zaton za a wayi gari a ce ƙasa ce kanta ta sake fuska ba.

Jaji ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Baba Malam, bakin kanal ɗin nan. Nan muke bi tun ina yaro. Ka dai nuna."

Malam ya dubi bakin kanal. Hannu kawai zai miƙa, ba wanda zai yi masa gardama. Wataƙila ma nan ne. To amma wataƙila ba nan ba ne, don wannan hanyar ta bayan aikin ruwa ce, masu aikin ne suka bar ta don tausayi, ba ita kotu ta yanke ba. Ya tuna ranar da wani mai shaida ya ce wa Alƙali Fatihu "ina jin nan ne", alƙali ya sa aka fitar da shi, ya juyo ya ce wa magatakardansa kada ya kuskura ya rubuta, wanda yake ji bai gani ba. A kan wannan aka rene shi, kuma saboda wannan ne yau duk aka yarda da shi.

Bai ba da kai nan da nan ba. Ya tattare rigar sallah ya shiga gona. Ya ƙirga taku daga wajen soron kotu, sai ya tuna hanyar ma an karkatar da ita. Ya koma gabas, ya dawo yamma, yana tona ƙasa da sanda ko ya dace da saiwa. Ya yi fiye da sa'a guda yana yawo cikin taɓo har takalminsa ɗaya ya maƙale, matasa suka fara kawar da kai don kunya. Da ya dawo kan kunya numfashi yake da ƙyar.

"Ranka ya daɗe, burtali akwai shi, ga shi a rubuce. Amma ban san wurin ba."

"Haba Malam," in ji dagaci, "ko kintace ne."

"Ba a kintace a shaida."

Alhaji Mustapha ya buɗe hannuwa, ya ce to shi bai san abin da zai tuge ba. Taro ya watse. Jaji ya ciro takalmin daga taɓo, ya wanke a kanal, ya sa wa tsohon a ƙafa, ya mai da shi gida. Da ma zaginsa ya yi, da Malam ya fi samun sauƙi.

Bayan kwana goma sha ɗaya rugar ta tashi. Samari suka kora shanu kudu tun da safe, mata da kaya suka biyo a akori-kura. Motar ta tsaya daidai ƙofar Malam, aka sauko da Inno, tsohuwa sa'arsa, tana dogara sanda. Ya miƙe zai gaishe ta, ta ɗaga masa hannu.

"Ba zama na zo yi ba, Malam. Mijina da 'ya'yana uku suna kwance a bayan rugar can. Ba mu dasa komai a kansu ba. Baɗi za a yi huɗa a wurin. In wani ya zo ya tambaye ka, kai mai gaskiya ne, ka ce ba ka san wurin ba."

Aka kama ta ta hau. Malam Badamasi yana nan tsaye har motar ta hau titin Zariya.