Saje Ne Ƙarshe

Sherifa ta sake tura kofin ruwan gaban tsohon, shi kuma ya sake ture shi da bayan hannu. Kwana uku ke nan yana ƙin sha, leɓensa duk ya tsattsage.

"In bai sha ba zuwa la'asar, motar asibiti zan kira," in ji 'yarsa Najat ta waya. "Daga can kuma gidan tsofaffi za su wuce da shi, kin sani."

Wata takwas Sherifa, 'yar zangon Kumasi, tana jinyar Baba Umar Farouk a ɗakinsa na unguwar Flatbush, nesa da ƙasarsa, ta kuwa shaƙu da shi. Bamisire ne. Sunan 'yarsa ma yakan ɓace masa, amma hamadar Sinai tana nan daram a kansa. Saje ne shi a yaƙin 1973, lokacin da sojojin Isra'ila suka yi wa rundunarsu ƙawanya a gabashin Suwez, ruwa ya yanke. Gorar ƙarfensa ta soja har yau tana rataye jikin bango.

"Baba, ko kurɓi ɗaya mana."

Ya zuba mata ido. "Kin sha?"

"Azumi nake, Baba. Sitta Shawwal."

"Ku goma sha ɗaya ne," ya ce a hankali, kamar yana gaban sojojinsa. "Kowa murfin gora ɗaya. Saje ne ƙarshe."

Sai a lokacin ta gane. Kullum tare suke shan shayi, ita ke fara kurɓa don ta ji zafinsa. Tun da ta ɗauki azumin nan bai ga ta kai komai baki ba. Ita tana ta ɗaukarsa taurin kan tsufa, ashe bawan Allah layi yake bi. Kunya ta kama ta, da wani irin girmansa da ya cika mata ƙirji.

Ta dubi agogo. Ƙarfe ɗaya, magariba da saura.

Ta sauko da gorar, ta ɗauraye, ta cika. Ta tsiyaya a murfin, ta yi bisimilla, ta shanye. Idonsa na kan maƙogwaronta. Sannan ya bi ɗakin da kallo, yana ƙirga mutanen da ita ba ta gani.

"Saura wa?"

"Kowa ya sha, Saje. Saura kai."

Ta sake cika murfin. Ya karɓa da hannu biyu, ya sha bai zubar da ko ɗigo ba. Ya lashe leɓe, ya miƙo mata murfin.

"Zagaye na biyu," ya ce. "Ke ce farko."