Farfesun Hajiya Mero

Naman sa a cikin romo, kwano ɗaya mai murfin ƙarfe. Dankalin turawa da aka dama da madara. Burodi uku. Man shanu. Butar shayi. Cokali, wuƙa, farin ƙyalle.

Abin da ke kan amalanken abincin ke nan lokacin da lif ta tsaya a hawa na bakwai, babu wanda ya shiga. Muhsinat ta danna maɓallin rufewa sau uku. Ta duba agogo, ta sa ƙyalle ta gyara murfin da bai karkace ba, ta sake duba agogo.

Jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa ne, yana tsaye a tashar Rashid ta Dubai tun asuba, da ƙarfe biyar zai tashi. Ɗakunan alfarma shida ne a hannunta a hawa na sha ɗaya. Masu su ba sa sauka cin abinci sai sun ga dama. Su buga waya, ita kuma ta je gidan abincin Japanawa ko na Italiyawa ko na Faransawa da ke cikin jirgin ta ɗauko musu. A ƙirjin rigarta an rubuta Mona. Mahaifinta, Malam Muhyiddeen, limamin wani masallaci a Gwammaja, abin da ya sani shi ne tana aiki a ofishin wani otal a unguwar Deira ta Dubai. Shekara biyu ke nan. Bai san tana kwana a kan ruwa ba, balle ya san tana ɗaukar kwalaben giya tana kai wa Turawa har bakin gado.

Ranar farko ta wannan tafiya ta ji Hausa ta bayan ƙofar ɗaki na takwas. Alhaji Shu'aibu ne, ɗan Kantin Kwari, ya kawo mahaifiyarsa Hajiya Mero ta huta bayan an yi mata aikin gwiwa. Kafin Muhsinat ta ƙwanƙwasa ta riga ta yanke shawara: Turanci kawai. Ta san Kano. Da ka buɗe baki za a tambaye ka ɗan gidan wa, kafin ka rufe labari ya isa gida.

Kwana biyar tana jin komai. Ta ji Hajiya ta ce ɗanyen kifin Japanawa ko mage sai ta yi tunani. Ta ji ta ce taliyar Italiyawa ba ta nuna ba. Ta ji ta ce baƙar yarinyar nan, ko 'yar Kenya ce, aiki tsaf amma babu fara'a. Shayi da burodi kawai tsohuwar ke ci.

Yau Alhaji ya sauka ya tafi kasuwar Al Buteen duba kayansa. Kafin ya fita ya zaɓa wa uwarsa abinci a hoto, wai wannan ya yi kama da farfesu. Muhsinat ta tambayi kukun Faransawa abin da ke cikin romon. Ya ce jan giya ne, amma wuta ta cinye shi. Ta ce a yi mata wani babu giyar. Ya ce awa huɗu ake dafa shi, yalla, ta yi gaba, akwai mutane a bayanta. Ta sa aka kira wayar Alhaji, ba ta shiga ba.

A cikin lif ta shirya abin da za ta yi. Kalma ɗaya ta isa, kuma ta Larabci ce. Za ta buɗe kwanon, ta nuna romon da yatsa, ta ce haram, ta juya da abinta.

Ta sami Hajiya a kan kujera, ƙafa ɗaya a miƙe bisa matashi, tana jan carbi tana kallon benayen Dubai ta gilashi. Tsohuwar ta shaƙi ƙamshin ta gyara zama.

"Yau kam an kawo abincin mutane," ta faɗa wa kanta.

Muhsinat ta kai hannu ga murfin ba tare da ƙyalle ba. Ƙarfen ya kwashe rabin awa a kan wutar amalanken. Ta sake shi, ya faɗi a kan kafet ya gangara ƙarƙashin tebur. Ta matse yatsunta a hammata.

"Sannu," in ji Hajiya.

"Yawwa."

Hajiya ta ajiye carbin a cinyarta, ta ɗauki tabarau ta saka, ta kalle ta tun daga takalmi har ɗankwali.

"Kwana biyar ina zaginki a gabanki."

"Ba zagi ba ne, Hajiya."

"Na ce ba ki da fara'a."

"Ai ba ni da ita."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce to a fara daga farko, tunda an haife ta a gida. Muhsinat ta durƙusa a cikin yunifom ta gaishe ta, ina wuni, ya jiki, ya ƙafa, ya baƙunta. Sai da aka gama tas sannan ta gaya mata abin da ke cikin romon. Hajiya ta sa sandarta ta tura amalanken har ya bugi bango. Ta tambaya, shayin fa, da burodin? Muhsinat ta ce waɗannan babu komai. Hajiya ta ce Shu'aibu da hoto yake sayen atamfa, shi ya sa yake ganin abinci ma haka ake yi masa.

Sannan tambayar ta zo.

"'Yar gidan wa ce ke?"

Muhsinat tana da amsa a ajiye tun shekara biyu: daga Damagaram take, iyayenta sun rasu. Amma ƙarya ta waya daban, ƙarya a durƙushe gaban tsohuwa daban. Ta faɗi sunan mahaifinta.

"Liman na Gwammaja? Shi ya ɗaura auren Bilqis ɗina." Hajiya ta cire tabarau. "Ashe ke ce ta ofis. Uwarki Nuriyya ba ta zuwa biki ta tashi ba ta ambaci ofishin nan ba."

Muhsinat ta roƙe ta. Ba ta yi kuka ba, ta dai jera magana da sauri: aikin halal take nema, ofis ɗin bai samu ba, Baba yana da hawan jini, wata huɗu ya rage kwantiraginta ya ƙare. Hajiya ta bar ta ta gama.

"Ni ba zan ɗauki ƙafa in kai magana gidanku ba, ƙafar ma babu. Amma gobe za mu sauka daga jirgin nan, jibi muna Kano. Uwarki za ta zo yi mini sannu da zuwa, kuma za ta ce, Hajiya, ba ki ga 'yata a Dubai ba? Shekarata saba'in da huɗu, 'yar nan. Ba a kanki zan koyi ƙarya ba."

Wayar aiki ta yi ƙara a ƙugun Muhsinat. Ɗaki na huɗu suna son kwalba biyu da ƙanƙara. Ta kashe ƙarar.

Hajiya ta tambaya ko duk girman jirgin nan babu shinkafa da mai. Muhsinat ta ce akwai farar shinkafa a kicin ɗin ma'aikata, kuma tana da yaji a jakarta. Hajiya ta ce to me ake jira, ta kuma sa hannun nan a ruwan sanyi kafin ya tashi.

Muhsinat ta zaro murfin daga ƙarƙashin tebur, ta rufe kwanon, ta ja amalanken da baya ta fita. Ƙofar ta rufe kanta a hankali. Babu kowa a dogon barandan. Ƙarfe ɗaya da kwata. Da jirgi ya bar tasha layin wayarta zai ɗauke.

"Shinkafa tukuna," ta ce da Hausa, a fili. "Sannan in kira Baba da kaina."