Gaɓar Bama a Kan Ƙyaure

Irmiya yana cikin liƙa wa wani ɗan jirgin gwangwani ƙofa, ƙarfen dalma ya yi ja a hannunsa, sai matarsa Suzana ta faɗo ɗakin ko sallama babu, kwandon cefane na kanta.

"Baban Jane, ajiye wutar nan. Tsohon nan yana tafe."

"Wane tsoho?"

"Ɗantsoho marini, uban marigayi Kailani, abokinka na soja. Na baro shi wajen masu doya yana tambayar gidanmu, da sanda kamar taɓarya. An ce masa ka ƙera gunkin ɗansa ka ajiye a ɗaki, har kana kunna masa kyandir. Ya rantse sai ya farfasa."

Irmiya ya mayar da ƙarfen cikin garwashi. Kyandir kam yana kunnawa, don da kakinsa yake yin igiyar ruwa. Amma magana in ta bi ta kasuwar Tudun Wada, kafin ta kai ƙofar birni ta yi ƙaho da wutsiya.

Duk unguwar da gwangwani aka san Irmiya. Shi ke ƙera aci-bal-bal da mazurari, shi ke liƙe bokitin da ya huje. Kafin nan direban soja ne. Ya yi yaƙin Bama, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da bakin da ba ya son motsi. Sauran 'yan Bama in suka haɗu a rumfar mai shayi labari suke zubawa har da gishiri, kowa shi kaɗai ya kori Japan. Irmiya shekara goma ke nan da dawowa bai ce uffan ba. Shi nasa labarin ta yatsu ya fito.

Ga shi nan ya cinye rabin ɗaki, a kan wani tsohon ƙyauren ƙofa da aka ɗora bisa akwatunan sabulu. Gefe ɗaya teku ne, na ƙyalle mai shuni da aka sandarar da ƙaro, kumfarsa audugar rimi. Ɗaya gefen gaɓa ce ta yumɓu, tana hawa har ta zama tsauni. A bakin ruwan jirage ne masu faffaɗan ciki, waɗanda ya yanko daga gwangwanin kananzir, kowanne bai wuce tafin hannu ba. In ka ja wani siririn zare sai gaban jirgin ya buɗe ya kwanta a kan taɓo, motoci su samu hanyar sauka. Akwai lori mai tayar maɓalli, rumfarta daga tsohon kakinsa na soja. Akwai jif da tankar yaƙi da igwa, har da alfadarai ɗauke da kaya. Itatuwan can da ke tsaye a ruwa bisa saiwoyinsu sun ba shi wahala, ya gwada tsintsiya ya gwada waya, sai wata rana a gona ya ga tushen dawa ya tsaya yana dariya shi kaɗai. Wanda duk ya leƙa ɗakin nan sai ya manta abin da ya kawo shi. Ko Suzana, da ta shekara biyu tana mitar an mayar mata da ɗaki bariki, in baƙi suka zo ita ke fara cewa su zo su gani.

"Bari in sa kwaɗo," in ji ta. "Ko in kira maƙwabcinmu Mista Cosmas ya tsaya a ƙofa. Aikin shekara biyu fa!"

"Kada ki kira kowa."

"To ka tare shi a zaure."

"Sau nawa na je ƙofarsa a birni, ya aiko a ce ba ya ganin soja? Yau ya zo da ƙafarsa, in tare shi?" Ya goge hannu a jikin wandonsa. "Kailani a hannuna ya cika. Ba zan riƙe sandar ubansa ba. In ya fasa, ya fasa."

Ya faɗa da ƙarfin hali. Ya dubi 'yan jiragen nan ɗaya bayan ɗaya, yana tuna wanda ya ƙona masa yatsa da wanda ya warware ya sake har ya gaji. Yana son abin nan, so na gaske, kuma ya san sanda ɗaya ta ishe shi.

Sallamar tsohon ta shigo kamar jifa. Gajere ne, siriri, farin gemu, hannayensa baƙi-baƙi da shuni har gwiwa, ko da yake ya daɗe da barin karofi. Suzana ta durƙusa ta gaishe shi, bai dube ta ba.

"Kai ne Irmiya?"

"Ni ne, Baba. Sannu da zuwa. Ga tabarma."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina gunkin?"

Irmiya ya ɗaga labule ya koma gefe. Ɗantsoho ya sunkuya ya shiga, sanda a gaba. Sai ya tsaya cak. Ya zo ne da niyyar ganin wani dodo na yumɓu mai idon wuri, sai ga wata duniya a kan ƙyaure. Idonsa ya bi ruwan, ya bi jiragen, ya hau tsaunin ya sauko.

"Mene ne wannan?"

"Inda muka sauka ne, a ƙasar Bama."

Tsohon ya kai yatsa ya shafa tekun, ya dubi yatsan. "Wa ya rina maka ƙyallen nan?"

"Wani ne a Sabon Gari."

"Ya cuce ka. Tsoma ɗaya ya yi masa." Ya ja tsaki, sai kuma ya tuna da fushi ya zo, ya ɗaure fuska. Ya nuna 'yan sojojin da ke jere a cikin jiragen, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa, ba ido ba hanci. "Wanne ne ɗana a cikinsu?"

"Babu shi, Baba. Ban yi shi ba. Na san addininku ba ya so. Shi kansa a Bambai ta ƙasar Indiya da muka je ɗaukar hoto ƙi ya yi, ya tsaya waje yana riƙe mana huluna."

"Halinsa ne," in ji tsohon, kafin ya kama bakinsa.

Sandar ta ɗan sauka. Irmiya ya matso, ya ja zaren nan, gaban jirgin ya buɗe a hankali ya kwanta. Ɗantsoho ya ja da baya.

"Au! Jirgi da baki?"

"Haka suke. Ta nan muke fitowa da mota. Wannan lorin ni ke tuƙa ta, Kailani ne mataimakina. Da muka sauko sai taya ta nutse a taɓo. Ana ta wuta daga kan tsaunin nan, kowa ya kwanta. Shi ya dira, ya jawo katako yana cusawa ƙarƙashin taya, yana ce mini, 'Taka, Irmiya, taka!' Na taka, mota ta fita. Da na waiwaya sai na gan shi zaune a ƙasa ya dafe gefensa."

Suzana na bakin ƙofa ta rufe baki da gefen zane. Tun da aka ɗaura musu aure a Wusasa ba ta taɓa jin wannan ba.

Ɗantsoho ya dogara da sandarsa.

"Wani ɗan saƙo ne ya zo daga bariki ya ce ya rasu, shi ke nan. Daga baya na ji ana cewa wanda ya mutu a can cikin ruwa ake jefa shi, kifi ya ci. Shi ya sa ba na son ganin ɗayanku. Ina tsoron in tambaya a ce mini haka ne."

"Ba haka ba ne. Duba nan."

Can sama da gaɓa, gindin wata 'yar bishiya, akwai ɗan tudun ƙasa da bai fi ƙwayar wake ba, an kewaye shi da tsakuwa. Ba wanda ya taɓa lura da shi cikin masu zuwa kallo, duk tankar yaƙi ke ɗauke musu hankali. Amma a dukan ƙyauren babu inda aka yi wa aiki mai kyau kamar wurin.

"A motata na kai shi. Ni na haƙa, da ni da wani Bature. Sajan Isiyaku, mutumin Katsina, shi ya yi masa wanka, ya ja salla da Musulmin da ke wurin. Likkafani da farin ƙyallen laimar jirgin sama aka yi, irin wadda ake jefo mana abinci da ita."

Tsohon ya durƙusa har gemunsa ya kusa taɓa yumɓun. Leɓunansa na motsi. Irmiya ya fara sauke numfashi, yana ganin an tsallake. Ashe da sauran rina a kaba.

"Ina rana ke fitowa a nan?" in ji Ɗantsoho.

"Ta bayan tsaunin nan. A teku take faɗuwa."

"Ina kuka sa fuskarsa?"

"Wajen teku."

Tsohon ya miƙe kamar wanda kunama ta harba.

"Yamma? Yamma kuka juya shi? Innalillahi! Kun sa ɗana ya ba alƙibla baya, zai kwanta haka har tashin ƙiyama, kuma ka zana shi a ɗakinka kana nuna wa mutane!"

Sandar ta tashi sama har ta bugi azara. Suzana ta yi ƙara. Irmiya bai kai hannu ba, ya sa su a baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, don ya san in ya sake su za su ci amanarsa.

"Baba, ka fasa, amma ka ji magana ɗaya tukuna. Mu ma da muka isa can mun yi mamaki. Musulmin can duk yamma suke kallo in za su yi salla. Wata rana har an kusa dambe a kan alƙibla, sai da limamin bataliya ya raba. Mun wuce Makka ne, Baba. Jirginmu ya bar ta a baya."

"A wuce Makka? Akwai wani abu gaba da Makka?"

"Akwai, da nisa kuwa."

Sandar na sama har yanzu. Irmiya ya ɗauko gwangwanin madara da yake zuba ƙusoshi, ya ja da baya daga gefen tekun, ya ajiye shi a tsakiyar ɗaki.

"A ce nan ce Makka. Ga Kailani can, kwance a kan damansa, kai arewa. Ka bi idonsa."

Ɗantsoho ya dubi ɗan tudun, ya bi da ido ta kan jiragen, ta kan shuɗin ƙyallen, har ya sauka a kan gwangwanin. Ya sake bi. Tsoho ne mai taurin kai amma ba wawa ba ne, kuma wanda ya yi rayuwarsa yana aiki da ido in ya ga abu ya daidaita ya san ya daidaita. Sandar ta sauko a hankali har ta taɓa ƙasa.

"To mu fa? Ina Zariya?"

Irmiya ya wuce gwangwanin, ya fita ƙofa, ya je tsakar gida kusa da randa ya tsaya. "Kamar nan."

Tsohon ya biyo shi yana dogarawa. Ya tsaya inda Irmiya ya tsaya, ya juya ya fuskanci ɗakin. Ta cikin ƙofar yana hango gwangwanin a ƙasa, bayansa ga tekun, bayan tekun ga 'yar bishiyar, duk a layi ɗaya. Ya daɗe a haka. Hawaye ya bi ta cikin gemunsa bai share ba, Irmiya ma ya kau da kai yana duban kajin Suzana kamar bai taɓa ganin kaza ba.

Daga masallacin bakin kasuwa aka kira azahar.

"'Yar nan," in ji Ɗantsoho, ya dubi Suzana karo na farko, "a ba ni ruwa."

Gidan ba buta, sai ta kawo masa a moɗa, ta kuma shimfiɗa sabuwar tabarmar da take ɓoyo don zuwan Fasto. Ya yi alwala, ya jingine sandarsa a bango, ya hau tabarmar ya fuskanci gabas yadda ya saba tun yana yaro. Amma bai ɗaga hannu ya yi kabbara nan da nan ba. Ya gyara hularsa, ya kakkaɓe gaban rigarsa, ya miƙe kafaɗu irin na mai shirin haɗa ido da wani.

"Kailani," ya ce a hankali, "ashe duk shekarun nan kana kallona."