Jan Ƙyalle a Wayar Wuta

Ƙugin ya fara tun kafin a sauke akwatin gawar daga mota. Zuuu, kamar an rufe ƙudan zuma a cikin duro. Fasto ya hura makirfo ya ce a tashi, amma na bayan rumfa ba su ji komai ba sai ƙugin.

Manniru tela yana zaune a bencin gefe, inda maƙwabta Musulmi suka taru. Bayansa ciwo yake, don shi ya ɗinka ankon da matan coci suka sa. Ya dubi lasifikokin ya gane su. Na mamacin ne, Baba Zacharias, wanda ya shekara ashirin yana kai sauti gidajen biki da suna a Karmo, ba a taɓa jin kayansa sun yi ko tari ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin shagon Manniru da ɗakin Baba. Da aka sallamo Baba daga asibiti a Gwagwalada aka ce sai addu'a, Manniru kan leƙa shi bayan la'asar. Ran nan ya tarar da shi kwance, ƙafafu a kumbure, ya yamutsa fuska.

"Baba, jikin ne?"

"Wane jiki? Lasifikar masallacinku ce. Ladan yana kiran Allah, abu yana gurnani a bayansa kamar tsohon firji. Haba!"

"To ya za mu yi?"

"Je ka duba, sun kwantar da wayar makirfo a jikin wayar wuta. Ka raba su. In dole sai sun haɗu, su gitta juna, kada su jera." Ya miƙo masa jan ƙyalle. "Ɗaura wa ta wutar, don gobe kada wani ya sake haɗa su."

Manniru ya je ya raba. Da magariba kiran salla ya fita tas. Sai ya ji an bubbuga katanga sau biyu daga ɗakin Baba. Bayan kwana biyar Baba ya cika.

Yanzu ga David, ɗan mamacin mai aikin ofis a Garki, ya sunkuya kan miksa, na'urar da ke haɗa sautin, yana ta murɗe-murɗe, gumi na zuba. Aka miƙa wa Mama Margaret makirfo ta yi sallama da mijinta. Kuka ya riga ya cinye muryarta. Bakinta ya motsa.

"Ba a ji!" in ji wani daga baya.

Ta sauke hannu, ta fara laluben kujera.

Manniru bai taɓa shiga tsakiyar taron coci ba. Ya miƙe a hankali, ya ratsa kujerun roba.

"Oga David, bari in taɓa."

"Malam Manniru, don Allah, wannan fa ba yadi ba ne."

"Na sani. Wa ya naɗe wayoyin wuri ɗaya?"

"Ni ne. Don kada mutane su yi tuntuɓe."

"Ka kyauta. Amma Baba ba zai yarda ba. Kashe tukuna."

David ya tsaya kallonsa, sannan ya kashe. Manniru ya durƙusa, ya zaro almakashi daga aljihu, ya bi baƙin salatif ɗin da aka naɗe wayoyin da shi yana yankawa kamar mai farke ɗinki. Duk wayar wuta da ya buɗe, ga jan ƙyallenta a ɗaure, ya koɗe. Ya ja su gefe guda, na sauti gefe guda. Inda dole suka haɗu, ya gitta su, ya danne da dutse.

"Kunna."

David ya kunna. Shiru.

"Ka gani ko? Ka lalata gaba ɗaya!"

Manniru ya ɗago kai. Ya dubi Mama, ya nuna mata makirfon da haɓa. Ta ɗaga shi. Numfashinta ne ya fara fitowa, a gajiye, yana rawa, har masu okada a bakin titi suka waiwayo.

"Baban David," ta ce can ƙasa-ƙasa, kuma kowa ya ji.

Manniru bai koma benci ba. Ya zauna a nan ƙasa, hannunsa a kan dutsen, don kada ƙafar wani ta ture shi.