Hular Angon Bintu

Shekara biyu Salomi ta yi a gidan Ya Gumsu a unguwar Dala ta Maiduguri, amma har yanzu in ta fito tsakar gida sai an jawo mata kujera, alhali sauran mata suna baje a tabarma. Wannan girmamawa ta fi zagi yi mata ciwo. Tun da mijinta direba ya rasu ta kama ɗaki a nan tana wankau, wanta Jonathan kuma bai fasa aiko saƙo ba, wai ta koma ƙauye, ba ta da kowa a Maiduguri. Ita ma ta fara yarda da shi.

Sana'ar matan gidan ɗinkin hula. Bayan la'asar sukan zauna a gindin dalbejiya, allura na aiki, baki ma na aiki. Salomi ta koyi ɗinkin da satar kallo, tana gwadawa a tsumma cikin ɗakinta, a zatonta babu wanda ya sani. Ina aka taɓa ɓoye abu a gidan mata goma?

Da aka sa ranar Bintu, autar Ya Gumsu, tsohuwar ta fito da farin yadin hular ango. Al'adar gidanta ce kowace 'yar gida ta ɗinke layi ɗaya, ita ke zana wa kowacce nata da fensir. Baƙuwa ba ta sa hannu.

Ran nan Salomi ta dawo daga kasuwa ta tarar da hular a kan kwandon wankinta. Layi biyar an ɗinke, na shida babu komai sai baƙin fensir da gumin hannu. To me mai wankau za ta yi da abin da ta tsinta a kwando? Ta sa sabulu ta dirje shi tas, ta shanya.

Ya Gumsu ta zo ta tsaya gaban igiya ta riƙe haɓa.

"Salomi, ina zanen?"

"Wane zane, Ya Gumsu? Datti na gani, na wanke."

"Datti. Kwana biyu ina zana miki da idon nan nawa da ya mutu, ki ce datti. Layinki ne, sakarya kawai."

Faɗa ta yi mata sosai, irin wanda take yi wa Bintu in ta ƙona tuwo. Salomi na tsaye tana hawaye, rabi na kunya, rabi na wani daɗi da ta manta da irinsa.

"Ba zan sake zanawa ba," in ji tsohuwar. "Tunda kin wanke nawa, sai ki nemo naki."

Salomi ba ta iya zanen Kanuri da ka ba. Wanda ta sani shi ne na mahaifiyarta, wanda take ƙonawa a bayan ƙwarya, 'yan duwatsu a jere. Shi ta ɗinka, kwana huɗu tana kansa.

Da dangin ango suka zo karɓar kaya, gwaggonsa Ya Kaltumi ta ɗauki hular ta jujjuya, ta dangwala yatsa a layi na shida.

"Wannan ba zanenmu ba ne. Hannun wa ke nan?"

Salomi, da ke bakin murhu, ta ji kamar ta nutse.

Ya Gumsu ko ɗagowa ba ta yi ba. "Hannun babbar 'yata ne. Wajen dangin uwarta ta gado shi." Sai ta juya. "Ke Salomi, zo ki gaida surukanki, kin tsaya kamar wata baƙuwa."

Salomi ta goge hannu a zani ta taho.