Kilo Hamsin

Zariyar wandon Mika'ilu tela ta tsinke ne a ruku'un farko na sallar La'asar, dole ya ƙarasa sallar hannu ɗaya a ƙugu. Ana sallamewa mutanen sahu suka yi masa caa da barka.

"Masha Allah, jiki ya murje!" in ji ladan. "Malam Mika'ilu, wannan kumatu, ko kwangilar ɗinkin gwamnati ka samu?"

Shekara arba'in da biyar mutumin nan yana yawo a Tudun Wada kamar allurar kekensa, har mahaifiyarsa ta rasu tana yi masa addu'ar ƙiba. Addu'ar ta karɓu a makare, ta kuma biyo ta hanyar da ba wanda ya roƙa. Sankarar jini ke cinsa shekara shida, yanzu ta yi nisa. Ƙwayar da yake haɗiya kullum tana tara masa ruwa a jiki, saifarsa ta kumbura ta turo ciki gaba. Kilo goma sha ɗaya ya ƙara, amma daga shago zuwa masallaci sai ya huta sau biyu.

Da safiyar ranar likita ya gaya masa jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Leda biyu za a ƙara masa ranar Litinin, kuma shi zai kawo masu bayarwa.

* * *

Ya sami yayansa Sharif a ƙofar shagonsa na kayan babur, suna cin gyaɗa da maƙwabcinsa Ndakotsu, Banufe mai walda.

"Yaya, jini aka ce in nemo."

Sharif ya dube shi daga hula zuwa takalmi, sannan ya dubi nasa hannuwan masu kama da sandar rake.

"Jini? Kai? Zo ka tsaya kusa da ni a ga wanda ya kamata a ƙara wa."

"Walahi jini ya yi maka yawa ne," in ji Ndakotsu. "Je ka likita ya rage, ka ba Sharif kadan."

Mika'ilu ya ji kamar ya fashe da kuka. Ya zauna, ya naɗe ƙafar wando, ya danna yatsa a ƙwaurinsa. Da ya ɗaga, ramin ya tsaya bai ciko ba.

"Kun gani? Ruwa ne, ba tsoka ba."

Sharif ya sunkuya ya duba da kyau, har shi ma ya danna.

"Laushin hutu ne, haka jikin manya yake. Lokacin da kake a rame, wa ya fi ni zaryar asibiti? Yanzu Allah ya ba ka lafiya kana neman yi masa butulci. Ka rage tuwon dare kawai."

Haka muke a unguwar nan. Ciwon da bai ramar da mutum ba, ba ma sa shi a layin dubiya. Gida huɗu Mika'ilu ya shiga kafin Magariba, ya fito da barka huɗu da shawarar ya ƙara aure.

* * *

Ranar Litinin matarsa Kubura ta yafa hijabi ta ce ita za ta bayar, ko leda ɗaya ce. Shekara shida tana tura masa naman miya tana cewa ta ƙoshi. A ɗakin ɗibar jini Sista Susan ta sa ta hau sikeli.

"Arba'in da shida. Madam, ba ki kai ba. Sai kilo hamsin."

"Sikelin nan naku yana da lafiya kuwa?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Kubura ta ce tana zuwa. Ta daɗe a waje, sannan ta dawo tana tafiya a hankali kamar mai tsohon ciki, ta sake hawa. Allurar sikelin ta haura hamsin da ɗaya. Sista ta buɗe baki ke nan, wani dutse ya sulluɓo daga ƙugun zanen Kubura ya faɗi tim a kan sikelin, na biyu ya biyo shi. Ashe wajen ajiye motoci ta je ta tsinto, ta kuma shanye ledar ruwa biyar.

Sista Susan ta yi dariya har da hawaye. Can ta dubi wuyan hannun Kubura, dariyar ta tsaya.

"Ki yi haƙuri, Madam. In na ɗibi naki, gado biyu za mu nema."

Suka fito suka zauna a bencin baranda. Mika'ilu yana haki, leɓɓansa fari fat. Wata dattijuwa da ta zo dubiya da kwanon abinci ta tsaya a gabansu, ta dubi Kubura cike da tausayi.

"Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya." Ta juyo ta harari Mika'ilu. "Kai kuma Alhaji, ka ji tsoron Allah, ka riƙa rage mata abinci."

"To, Baba," in ji Mika'ilu.

Ya jira ta wuce, sannan ya jingina kansa a kafaɗar Kubura, ita kuma ta dafe benci da hannu biyu don ta iya riƙe shi.